Yadda ake sa wa salular ɗan kwaleji linzami

Duk wanda ya taɓa leƙa aji da sassafe a kwaleji, a Kance ko Matamaye, ya san yaron da ya kwana a kan waya: ido ja, kai na rangaji, kaye a buɗe amma biro a ajiye. Tun daren jiya ɓarnar ta faru, a fada wajen shayi ko cikin bargo. Saboda haka daga gida ake kama gyaran.

Da farko, kada ka ƙwace wayar ɗanka. Wanda aka ƙwace wa tasa zai ari ta aboki, kai kuma ka rasa bakin zaren. Kira yaron ku zauna kan tabarma ɗaya, ya buɗe da hannunsa. Wayoyin Android da yawa suna nuna awoyin da aka ɓata a TikTok, Facebook da WhatsApp. Bar shi ya karanto maka adadin da bakinsa. Wannan ya fi faɗa shiga jiki.

Sai dokar dare, wadda a ganina ita ce ginshiƙi. Da an sallame isha'i, waya ta shiga kwano a ɗakin uwa ko uba, a kashe, ba ta fitowa sai an taso daga makaranta. Zai ce, “Baba, da fitilarta nake karatu.” Gaskiya ne a gidan da babu wutar NIGELEC, don haka sayo masa fitila mai caji da rana tun kafin ka kafa dokar. Kwanakin farko za ka sha ganin fuska a murtuke, har tuwo a ƙi ci. Daure. Kai ma ka rage latsa taka a gabansa, domin yaro da ido yake koyo.

Kuɗin forfe ya riƙa fitowa daga hannunka, sau ɗaya a mako, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani. In ka ga intanet ba ya yankewa alhali ba kai ka saya ba, tambayi mafarinsa, musamman ga ’ya mace. Uwa ta fi iya wannan tambayar.

Ba wa wayar aikin yi: ƙamus na Faransanci, hoton darasin da ya wuce shi ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, tsofaffin tambayoyin BEPC.

Daga nan ka taka zuwa makaranta. Hatta Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da kwaleji tun 2018. Kai maganar taron iyaye, a yi baki ɗaya da malamai a kan abin da za a yi wa wayar da ta yi ƙara a aji. In saura wata ɗaya jarrabawa, bar masa ƙaramar waya mai maɓalli don kira, babbar kuma ta kwana a akwatin uwarsa har ranar da ya rubuta takardar ƙarshe.