Batirin Babur: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Zauna ka ji, kai mai babur. Yawancin batiran da ake jibgewa a bayan shagon masu wayarin ba mutuwar Allah da Annabi suka yi ba. Kashe su aka yi, kuma mai babur ne ya kashe da hannunsa, sannan ya dawo yana tsine wa kamfani.

Akwai wani yaro a layinmu mai kai wa shaguna burodi. Tsakanin ƙaramar Salla da babba, kusan kwana 70 ke nan, batir uku ya saya. Na farko ya kumbura kamar an hura shi. Na biyu ya bushe ƙamas. Na ukun ya kawo mini da zafinsa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ɗora mita na ce ya ba da wuta, sai ga ta ta haura bolt 16. Rektifaya ce ta lalace take dafa masa batir ɗaya bayan ɗaya, kuma kuɗinta bai kai na batir guda ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi bayansa, farashin da ka ji yau a Ƙofar Ruwa ba shi za ka tarar jibi a Panteka ba. Yanzu ba lokacin sayen abu sau biyu ba ne. Ka riƙe waɗannan.

ABIN DA ZA KA YI

1. Sa a auna batirin da mita kafin ka ce ya mutu. Lafiyayye, in ya huta, bolt 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa. Wanda ya nuna 12.2 yunwa yake ji, caji yake nema ba kabari ba.

2. Sa a sake aunawa inji na aiki, an ɗan ba da wuta. Tsakanin 13.5 da 14.5 ne daidai. In bai kai ba, koyil ko rektifaya ba sa ciyar da shi. In ya wuce 15, dafa shi ake yi. Ko wanne ne, sabon da za ka saya hanyar tsohon zai bi. Wannan awon minti biyu ne, kuma shi ne abin da yaron burodi ya tsallake.

3. Duba fiyus, da kan batir, da baƙar wayar da ke ɗaure a ƙarfen babur. Noti ɗaya da ya saki ya isa ya sa ka zubar da batir mai rai.

4. Tafi kasuwa da tsohon a hannunka. Lambar jikinsa magana ce: 12N5 na nufin bolt 12 da ƙarfin ajiya 5Ah, 12N7 kuma 7Ah. Ka dubi gefen da ja yake da gefen baƙi, don wanda ya zo a juye waya ba za ta kai ba, in ka ja ta da ƙarfi kuma ta goge ta haɗu.

5. Ɗaga biyu masu lamba ɗaya ka ji nauyinsu. Dalma ce ke riƙe wuta, dalma kuwa nauyi gare ta. Wanda ya zo sakayau an yi masa ƙwauronta, komai kyan kwalinsa.

6. Yi lissafi da watanni, ba da abin da ka ƙirga a shago ba. Mu ƙaddara mai kyau naira dubu 18 ne ya yi wata 18: dubu ɗaya ke nan a wata. Na arha dubu 10 ya yi wata 4: dubu biyu da ɗari biyar a wata. Ban sa kuɗin makanike ba, ban sa ranar da ka wuni kana turi ba, ban sa fasinjan da ya sauka ya hau na bayanka ba. Arha ba ta ado, kuma a nan tsada ce tsagwaronta.

7. Karɓi rasit mai kwanan wata, ka tambayi wa'adin garanti a gaban shaida. Alkawarin baki ba ya kai ka bakin titi.

8. Karce ranar da ka saka shi a jikinsa. In ba haka ba, ba za ka taɓa sanin wane ne ya yi maka aiki, wane ne ya cuce ka ba.

9. In mai ruwa ne, a zuba ruwansa a gabanka, ya huta aƙalla minti 30, sannan a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. Wanda aka zuba wa ruwa aka ɗaura nan take ba ya taɓa kai ƙarfinsa.

10. Wajen kwancewa, fara cire baƙar waya. Wajen ɗaurawa, ita ce ta ƙarshe. In ka fara da ja, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi a hannunka. Na ga zoben azurfa ya yi jawur a yatsan wani yaron shago, tabon yana nan har yau. Cire zobe da agogo tukuna.

11. Ɗaure shi tamau da robarsa. Hanyar ƙauye tana kakkaɓe farantan ciki, batirin da ke rawa a mazauninsa ba ya shekara.

12. In mai ruwa ne, leƙa ruwansa duk sati biyu daga Maris zuwa Mayu. Zafin Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yana haura digiri 40, ruwa na ƙafewa, farantin da ya fito sarari kuwa ya tafi ke nan. Bazara ce ke kashe batir; sanyin hunturu asirinsa kawai yake tonawa da asuba.

13. Wanke farin garin da ke taruwa a kan batir da ruwan kanwa, ka goge, ka shafa giris. Garin nan yana tare wuta yana cin waya. Amma ko ɗigo kada ya shiga ciki, kanwa kashe asid take yi.

14. In za ka ajiye babur, tafiyar Hajji ko ci-rani, cire baƙar waya ka bar wa wani sallahun caji wata-wata. Batirin da ya kwana wata biyu babu wuta farantansa ƙanƙarewa suke yi, ba sa sake karɓa.

15. In ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 ko fiye, sannan asibiti. Ba kwalli, ba man ja, ba tofi da jiran gobe.

16. Miƙa tsohon ga mai sayar da sabon, ka ce ya rage maka. Dalmar cikinsa kuɗi ce, in ka yi shiru shi zai ci.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka sayi na hannu, ko wanda aka ce an farfaɗo da shi. Wanke shi aka yi, aka zuba asid mai ƙarfi, aka cika shi da caji. Zai tayar da babur a gaban mai shago, ya mutu a gabanka ranar Juma'a.

2. Kada ka ƙara asid in ruwa ya yi ƙasa. Ruwa ne ya ƙafe, asid yana nan. Ƙari cinye faranti yake yi.

3. Kada ka zuba ruwan rijiya, ko na burtsatse, ko fiya wata. Gishirin da ke cikinsu guba ne ga batir. Ruwan da aka tata daga tururi kaɗai.

4. Kada ka ɓalle murfin wanda aka rufe ruf daga kamfani. Ba a yi shi don a ƙara masa komai ba.

5. Kada ka yarda a jona shi a cajar batirin mota don kana sauri. Ƙa'idar caji kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfinsa: mai 5Ah rabin amfiya, mai 7Ah 0.7, na tsawon awanni. In mai caji ya ce ka dawo nan da rabin awa, ɗauki kayanka ka tafi.

6. Kada ka tayar da babur daga batirin mota injin motar na kunne. Wutar mota ta fi ƙarfin rektifayarka.

7. Kada ka danne sitata fiye da daƙiƙa 5. Saki, ka ƙirga goma. In sitata na juyawa sosai amma inji ya ƙi tashi sau uku, galibi matsalar fulogi ce ko mai, ba ta batir ba, kuma kana shirin ƙona sitata a kan banza.

8. Kada ka gwada batir da haɗa kawunansa da waya don ka ga tartsatsi. Batir mai caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma abin da zai fashe maka a fuska asid ne. Haka sigari, haka ashana, haka caji a ɗakin da ba taga.

9. Kada ka maye fiyus da guntun waya ko takardar kwalin sigari. Fiyus ya ƙone ne don babur kada ya ƙone. Wayoyin nan ƙarƙashin tanki suke bi, kai kuma a kai kake zaune.

10. Kada ka loda wa 5Ah sifika da fitilu masu walƙiya da cajar waya uku. Koyil ɗin babur ba janareto ba ne. Abin da kake kwasa ya fi abin da yake zubawa.

11. Kada ka ce ai akwai kik, ka yi ta yawo da mataccen batir ko babu shi sam. Wannan ita ce dabarar da ta fi yawa, kuma ita ta fi tsada. Kik inji yake tayarwa, ba ya busa oda, ba ya kunna sigina yadda ya kamata. A babura da yawa wutar birki ma kan batir take. Ka shiga shatale-tale da magariba, ka taka birki, direban tirela na bayanka bai ga ja ba. Wane ne zai biya wannan? Ban da haka, batir shi ke shanye wutar da ta yi yawa. In babu shi, ƙwan fitila ne zai yi ta ƙonewa, daga nan rektifaya ta bi. Kuɗin da ka ƙi bayarwa a dunƙule za ka ba da shi kaɗan-kaɗan, har ya ninka.

12. Kada ka cire siririn tiyon da ke gefen batir mai ruwa, kada kuma ka lanƙwasa shi. In babu shi asid zai ci maka sarƙa da firam. In ya toshe batir zai tsage.

13. Kada ka ajiye ragowar asid a robar lemo ko ta ruwa. Fari ne tas kamar ruwan sha, yaro mai ƙishi kuwa ba ya tambaya. Maƙogwaron da asid ya bi ba ya komawa yadda yake.

14. Kada ka fasa tsohon batir a gida, kada ka narka dalmarsa, kada ka bar wa yara su yi wasa da shi, kada ka zubar da ruwansa kusa da rijiya. Dalma ba ta ruɓewa; ƙasa take shiga ta zauna, yaro mai rarrafe ya kai baki. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. In ka ce ai wannan haƙar ma'adini ce, to a Thiaroye da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 ne suka mutu, kuma fasa tsofaffin batura ne sana'ar unguwar. Ƙarfen ɗaya ne da wanda ke ƙarƙashin kujerarka. Ranar da ka kwance shi, ranar zai bar gidan.