Darasin Uwargida: Kai Yara Karkarar Ingila a Dogon Hutu

Idan Allah Ya nufe ku da zuwa Ingila a dogon hutu, kada kwanakin su ƙare a shagunan Landan. Yara fa ba ruwansu da sayayya, fili suke so.

Ki ba maigida shawarar yankin Lake District a arewa maso yammacin ƙasar, wanda aka keɓe don shaƙatawa tun 1951. Daga tashar Euston za ku hau jirgin ƙasa zuwa Oxenholme, tafiyar kusan awa 3, ku canja wani zuwa garin Windermere. Tafkin Windermere ya haura mil 10 a tsawo, akwai kuma jiragen ruwa masu kai iyalai daga Bowness zuwa Ambleside.

Sai dai ki riƙe abu huɗu. Na farko, tafkin akwai sanyi ko da ana rana, zurfinsa kuma a wani wurin ya fi mita 60, don haka kada idonki ya bar kan yaro. Na biyu, yankin ya yi suna da ruwan sama, ki tanadi rigar ruwa da ta sanyi. Na uku, naman halal na wuyar samu a ƙauyuka, ki yi guzuri tun daga birni. Na huɗu, idan hanya ta ratsa gona, ku bar ƙyaure yadda kuka same shi, ku kuma nesanci saniya mai ɗan maraƙi.

A watan Agusta makarantunsu na hutu, masauki kan yi tsada, sai ku kama da wuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya kai ku lafiya.