Kwangilar Gwamnati: Ta Wace Ƙofa Ƙaramin Mai Sana'a Zai Shiga?

Wani kafinta daga Getso ya aiko da tambayar da na san ba shi kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba. Ya ce ya daɗe yana buga bencina da tebura, yana da yara a shago, amma duk sanda aka kawo kujerun makarantun firamare a yankinsu sai ya ga babbar mota ta sauke su daga birni. Wani lokacin ma shi ake kira ya ɗaure waɗanda suka saki a hanya. Yana so ya sani, shin mai ƙaramin ƙarfi irinsa zai iya samun aikin gwamnati ba tare da ubangida ba?

Zai iya, Malam. Ba zan ce maka siyasa ba ta da hannu a rabon kwangila ba, domin duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiyar sakatariyar Gwarzo ko ta Kabo ya san tana da shi. Amma da yawa daga cikin masu sana'ar da suke kukan an hana su, ko da ciyaman zai kira su yau ya ce ga aiki, babu sunan da za a rubuta a fayil. Gwamnati ba ta ciniki da mutum don an san shi da iya aiki a unguwa. Da takarda take ciniki, kuma akanta ba zai sa hannu a baucan biya ba sai ya ga abin da zai kare kansa da shi ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Tun shekarar 2007 tarayya take da dokar saye da ba da kwangila, wadda ta kafa hukumar BPP a Abuja. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2021, da hukumarta mai kula da ba da kwangila. Ruhin dokokin biyu ɗaya ne: a tallata aiki, a bar masu cancanta su yi takara, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ka lura da jerin: cika sharuɗɗa ne a gaba, farashi a baya. Ambulan ɗin da ba ta da takarda ɗaya daga cikin waɗanda aka nema, a gefe ake ajiye ta, ko farashin cikinta ba za a auna ba.

Saboda haka aikinka na farko rajista ne da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Za ka iya yin rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda ta fi araha, ko ta kamfani sosai. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin yanzu mutum ɗaya tilo yana iya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya aro sunan ƙaninsa ko na matarsa ba kamar da. In ayyukan ƙaramar hukuma da na makarantu kawai kake hari, sunan kasuwanci zai fara kai ka. In kana da niyyar taɓa aikin tarayya nan gaba, yi kamfani tun yanzu, don shekarunsa su fara ƙirguwa. Wannan batun shekaru shi ne abin da mutanenmu suka fi sakaci da shi. Yawancin tallace-tallacen kwangila suna neman shaidar biyan haraji ta shekara uku, kuma shekara uku ba a sayenta a kasuwa. Mai sunan kasuwanci, harajinsa yana hannun hukumar tattara haraji ta jihar Kano. Mai kamfani kuwa na tarayya ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma ba ta yafe musu kai bayanin cinikinsu duk shekara ba. Wanda ya yi rajista ya jefa satifiket a ƙarƙashin katifa, ranar da ya je neman shaidar haraji tara zai tarar tana jiransa.

Sannan ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kuma ka riƙa sa kuɗin cinikinka su bi ta ciki. Ko gadon amarya ka buga, ka ce a turo kuɗin can. Wannan shi zai zama shaidar cewa kamfanin yana numfashi. Bayan haka sai rajistar 'yan kwangila, ta jiha da ta ƙaramar hukumarka, wadda ake yi rukuni-rukuni gwargwadon girman aikin da mutum zai iya ɗauka. Ka shiga ƙaramin rukuni, babu abin kunya a ciki. Ayyukan tarayya suna ƙara neman shaidar hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata (ITF), da ta asusun inshorar ma'aikata (NSITF), da rajista a kundin BPP. Kada jerin ya firgita ka, ba duka ne suke hawa kan mai ma'aikata ƙalilan ba, kuma kowace talla tana faɗin abin da take so.

To ina aikin yake? Mutane sun ɗauka sakatariya ce kaɗai ƙofa, shi ya sa kowa ya yi cincirindo a can. Gaskiya ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma duk ranar da hakan ya zauna sosai, ƙananan ayyuka za su yawaita a gida. Amma akwai wasu ƙofofin. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, tana gina ajujuwa tana sayen kujeru da kuɗin haɗin gwiwa da takwararta ta tarayya, UBEC. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, abin da ke nufin gyaran azuzuwa da kujeru da kayan makaranta na ɗalibai. Shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa karatun 'yan mata, yana tura kuɗin ƙananan gyare-gyare hannun kwamitocin makarantu, waɗanda mutanen gari ne a cikinsu. Akwai RUWASA mai rijiyoyin burtsatse. Akwai babban asibitin Gwarzo da ƙananan asibitocin mazaɓu, da makarantar tarayya ta kimiyya da fasaha da aka kafa a Kabo, dukkansu masu buƙatar tebura da ƙofofi da labule da gyaran famfo. Sannan Gwarzo da Kabo mazaɓar tarayya ɗaya ce, kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa suna cikin kasafin kuɗin tarayya da sunan gari da adadin kuɗi, ta hannun hukumomi irin su Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Kasafin jiha da na tarayya duka suna intanet. Ka sa wani ɗanka mai waya ya nemo maka Getso, Kutama, Lakwaya, Garo, Gude ko Durun a ciki. Wanda ya san aikin da ke tafe tun watan Janairu ya riga wanda ya ji labari ranar da aka kafe talla a allon sanarwa.

Akwai kuma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017, wanda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu yana muƙaddashi. Ya umarci ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida, kuma kashi 40 cikin 100 na abin da suke kashewa kan kaya irin su kujeru, yunifom, takalma, abinci da kayan rubutu ya tafi ga masana'antun cikin gida. Sana'arka tana cikin jerin. Haka ta teloli, ciki har da matan da ke ɗinki a cikin gida, waɗanda in suka haɗu suka yi rajistar ƙungiyar gama-kai za su iya karɓar ɗinkin da mace ɗaya ba za ta iya gamawa a kan lokaci ba.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi karya mutanenmu, wato sayen takardar kwangila. Ka san yadda ake yi. An ba wani ɗan siyasa aiki ladan wahalar kamfen, shi kuwa bai san kan guduma ba, sai ya nemi mai saye. Ya cire kasonsa tun kafin a kafa ƙusa ɗaya, wani lokacin takardar ta ratsa hannu biyu ko uku kafin ta iso ga mai yin aikin. Kai da ka saya, ka sa kuɗinka da guminka, amma sunan da ke cikin fayil ba naka ba ne. Ranar biya asusunsa za a tura wa kuɗin. In ya ji tsoron Allah ya ba ka, in ya kashe wayarsa babu ofishin da zai saurare ka, domin a idon gwamnati ba ka taɓa aikin ba. Ko an biya ka lafiya, takardar shaidar kammala aiki, wadda ita ce jarin neman aiki na gaba, da sunansa za ta fito. Ka noma gonar aro kenan. Kuma tunda an riga an yanki kuɗin, dole ka rage wani abu: katako ɗanye, ƙarfe siriri, siminti kaɗan. Yaran da bencin zai karye da su 'ya'yan maƙwabtanka ne, kuma kowa a garin ya san wanda ya buga shi.

In babu makawa sai ka yi aiki ƙarƙashin wani, kuma sau da yawa ta nan ake farawa, to ka yi shi a matsayin ƙaramin ɗan kwangila da yarjejeniya a rubuce, da shaidu, da sunan kamfaninka. A rubuta adadin kaya, da farashi, da ranar biya. Ka nemi a biya ka kashi-kashi gwargwadon abin da ka kai, kada ka yarda da "sai an biya mu". In ka gama, ka karɓi wasiƙar da ta nuna kai ka yi, ka ɗauki hotuna. Aron takardun kamfanin wani don shiga takara, ko haɗa baki da wasu a jera farashin ƙarya, wannan laifi ne. Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba, kamfanin kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5.

Sai farashi. Sabon shiga yakan karya farashi don ya ci, ya manta cewa abin da aka rubuta a takarda ba shi zai shiga asusunsa ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5, akwai harajin da ake cirewa tun daga tushe, akwai kuɗin hatimi, kuma a aikin gini ana riƙe wani kaso, yawanci 5 cikin 100, sai bayan wasu watanni an ga ginin bai tsage ba. Kafin ka rubuta ko sisi, ka je wurin akantan ma'aikatar ka tambaye shi abin da ake cirewa, ka rubuta. Ka sa kuɗin mota zuwa ƙauyen da za a kai kayan, domin kai kujeru makarantar da ke bakin titin Kano zuwa Gwarzo daban yake da kai su rugar da mota ba ta shiga da damina. Sannan ka yi lissafin jinkiri. Waɗanda suka karɓi aikin gini kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023 sun ga buhun siminti ya ninka kuɗinsa a farkon 2024, alhali farashin da ke takardarsu yana nan yadda yake. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: kada ka karɓi aikin da in an yi wata shida ba a biya ka ba shagonka zai rufe.

Game da jari, doka ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami. Dokar tarayya ta fara da kashi 15, aka ɗaga shi zuwa 30 ga kamfanonin gida a gyaran 2020, amma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora, kuma ba kowace ma'aikata take bayarwa ba. Kada ka ci bashin ruwa don aikin gwamnati. Bayan haramcinsa, ruwan yana tafiya kullum, fayil kuwa yana iya kwana wata uku a tebur ɗaya. Bankuna marasa ruwa irin su Jaiz da TAJ suna sayen kaya su sayar wa mai sana'a da riba sananniya. Dilan katakon da kuka daɗe kuna hulɗa ma yana iya ba ka kaya in ya ga takardar aiki da sunanka.

Ranar miƙa takardu, ka bi tallar layi-layi. In an ce ambulan biyu, ɗaya ta bayanin kamfani ɗaya ta farashi, ka yi biyu. Ka sa hannu inda aka ce, ka kai kafin lokaci, ka sa sunanka a rajistar masu miƙawa. Kuma ka halarci buɗewa, domin a bainar jama'a ake yi, ana karanta farashin kowa da ƙarfi. Je da biro da takarda. Ko ba ka ci ba, ka koma gida da sanin yadda manyan suke lissafi. In kuwa ka ga an yi maka ba daidai ba a aikin tarayya, kana da kwana 15 na aiki ka rubuta koke ga shugaban ma'aikatar, in bai gamsar da kai ba ka wuce BPP. A aikin jiha akwai hukumar kula da kwangila, akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jihar Kano. Ka rubuta cikin ladabi, da kwanan wata da hujja, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

In Allah ya ba ka aikin, kada ka taɓa komai sai takardar ba da aiki da yarjejeniya sun shiga hannunka. Maganar baki ta kansila ko ta wani darakta cewa "fara kawai, takarda na tafe" ta bar mutane da yawa da bashi, musamman in gwamnati ta canza. Haka in injiniya ya ce a ƙara wani abu a kan abin da aka rubuta, ka roƙe shi ya rubuta. Ranar kai kaya ka tabbata mai kula da sito ko hedimasta ya ƙirga a gabanka ya sa hannu da hatimi, sannan ka kai wasiƙar neman biya tare da kwafin komai, ka rubuta lambar fayil ɗinka a littafi don ka san teburin da yake duk ranar da ka je bibiya.