KAMUN GIWAN RUWA DA KIFIN ƘARYA

Manoman Magarya da Wurno da Rabah, girbi ya ƙare, ruwan gulbi ya fara washewa. To, ga wata dabarar su wadda mai fatsa ɗaya zai iya yi, ba sai da jirgi ko koma ba.

Kowa ya sani giwan ruwa da tsage ba su cin dusa. Abincinsu 'yan'uwansu kifi ne, musamman ƙanana irin su kawara. Saboda haka aka ƙera wani ɗan kifi na icce ko na roba, tsawonsa kamar ɗan yatsa, da ƙugiyoyi masu baki uku a ciki da wutsiya. Wani masunci na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya sassaƙa irin nasa a 1936, har sunansa ya bi kayan. A Amurka da shi suke kama wani kifi nasu mai farauta. Iri biyu ne, akwai mai tasowa, akwai mai nutsewa. Mai nutsewa shi ne namu, gama giwan ruwa a zurfi take kwanciya, gindin duwatsu da kututture, kamar yadda ake samu a madatsar Goronyo wadda aka gama a 1984 bisa Gulbin Rima.

Ga inda aikin yake. In ka jefa, kada ka ja nan da nan. Ka bar shi ya nutse kana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, uku. Yawancinsu sukan yi ƙasa kamar ƙafa ɗaya a kowane ƙirge. In ka kai goma sha biyar zare ya saki, watau ya taɓa ƙasa ke nan. Jifa na biyu sai ka tsaya a sha biyu, ka fara ja. Ka ja kaɗan, ka fizga, ka dakata, don ya yi kamar kifi mai rauni. Sau da yawa a wannan dakatawa ne ake kai masa cafka. Ƙirgen da ya ba ka kifi, ka riƙe shi, gama sauran ma a wannan zurfi suke. Mai gaggawa kan janye abinsa ta saman kifi, ya koma gida yana cewa gulbi ba kome.

Da sassafe ko gab da magariba ya fi. Cikin jan ruwan damina kuwa kada ka wahalar da kanka, kifi ba ya ganinsa sosai.

Amma fa abin nan da tsada, kuma ƙugiyarsa ba ta raina kututture. Wanda bai ƙirga ba, rana ɗaya zai bar kuɗinsa a gindin ruwa. Tsage kuma haƙoransa sukan datse zare, sai ka ɗaura siririyar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da kifin. 'Yan kasuwa masu sarowa, ku jefa ɗaya a bokitin ruwa gaban mai saye, ya ga nutsewarsa da idonsa.

Kafin ka jefa a ruwan wani gari, ka gai da Sarkin Ruwa, ka ji inda aka hana. Ƙaramar giwan ruwa wadda ba ta kai kamu ɗaya ba, ka cire ƙugiya a hankali ka mayar da ita. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 ya kai kilo 75.