Gadon da Inna ta bar muku

Jikokina, an yi addu'ar uku, 'yan gaisuwa sun watse. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Na ga kun sa hotonta a Facebook, jama'a na ta yi mata addu'a, kuma hakan ya yi kyau. Sai dai yawancinku kun taso ne kun tarar da tsohuwa mai carbi da goro, ba ku san malamar asibiti ba. To, ku matso ku ji.

Ta kama aiki tun ƙasar nan tana cikin jihar Kaduna, kafin a ba mu jihar Katsina a 1987. A wancan zamani, a bar 'ya mace ta yi boko har ta sa fararen kaya, sai uba mai ƙarfin hali. Aka yi ta yi mata canjin wurin aiki tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba ta taɓa zuwa kamun ƙafa don a bar ta a Funtuwa ba, har ta cika shekara 35 da doka ta yanka wa ma'aikaci.

Da tsakar dare ake buga mata ƙofa, mace na kan gwiwa. Ta ɗauki fitilar ƙwai da jakarta ta bi mai gida, ba ta tambayar ko ɗan wane ne. Ta tafasa almakashi, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta hana a yanke cibi da tsohuwar aska. Lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985, aka ba kiwon lafiya matakin farko ƙarfi, ita ce ke zama kan tabarma tana nuna wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, cokali a shafe, don kada gudawa ta ƙarar da yaro.

A 2003 jita-jita ta tashi kan allurar shan inna, har wasu jihohi suka dakatar da rigakafin. An rufe mata ƙofa, an gaya mata baƙar magana. Ba ta rama ba. Sai ta fara ɗiga wa 'ya'yan gidanta a gaban mutane, sannan ta koma wa masu korarta da sallama. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma ta ga ranar: a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka.

Na san zamaninku ya fi nata tsoro. A Disambar 2020 ne aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma ƙauyuka da yawa sun ga tashin hankalin 'yan bindiga. Ba zan ce wa kowa ya jefa kansa halaka ba. Abin da nake roƙo shi ne, duk wanda Allah ya ba aikin gwamnati a cikinku, ya san amana ce. Ku je aiki kan lokaci. Maganin da aka ce kyauta ne, kada ya kwana a shagonku. Kada ku daka wa talaka tsawa don ya zo da tsohuwar riga.

Abokan aikinta da suka rage, ku riƙa leƙa su. Ranar tantance 'yan fansho, mai babur ya ɗauki tsohuwa ya kai ta, kada ta wuni a layi ba mai miƙa mata ruwa. Ku tambaye su labari, ku rubuta. Ƙannenku mata kuwa, wadda ta nuna sha'awa a taimaka mata ta shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi, domin matan ƙauyukan nan har gobe suna bukatar mai karɓar haihuwa da ta san aikinta.

Allah ya yi muku albarka, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.