Kuɗin Baitulmali da Hannun Baƙo

Ya kai mai karatu, ka sani kuɗin da ke baitulmali amana ne, domin gumin masu biyan haraji ne. Saboda haka kafin gwamnati ta ba wata ƙungiya tallafi, wajibinta ne ta san wanda ke riƙe da akalar ƙungiyar. Abin da ya faru a Amurka ya isa misali.

A shekarar 2004 aka buɗe Cibiyar Confucius ta farko a ƙasar, a Jami'ar Maryland, don koyar da Sinanci da al'adun Sin. Hukumar Hanban, wadda a lokacin take ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta Sin, ita ta riƙa turo malamai da littattafai da kuɗi, jami'a kuma ta ba da azuzuwa. Sannu a hankali cibiyoyin suka kai kusan 100.

Sai 'yan majalisa suka fara ƙorafi. Suka ce malamin da Beijing ta zaɓo, take kuma biyansa albashi, da wuya ya buɗe baki a kan Tibet ko Taiwan ko abin da ya auku a dandalin Tiananmen a 1989. Ai kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

To, ba a tura 'yan sanda su garƙame ƙofa ba. A dokar kasafin tsaro da aka sanya wa hannu a 2018 aka hana ma'aikatar tsaro biyan kuɗin koyar da Sinanci a duk jami'ar da ke da irin wannan cibiya. Daga baya aka faɗaɗa hanin ya shafi sauran tallafin ma'aikatar. Jami'o'i suka auna riba da hasara, Maryland ta rufe tata a 2020. Zuwa 2023, cibiyoyin da suka rage ba su kai 5 ba.

Amma a lura da kyau. Baƙunci ba laifi ba ne, koyon harshen wasu kuwa alheri ne, kuma ɗalibai da yawa sun yi rashin malamai. Don haka irin wannan doka tana bukatar hujja a fili: wa ke naɗa shugabanni, wa ke biyan albashi, wa ke tsara manhaja? In an bar ta ga zargi kawai, masu mulki za su mayar da ita sandar dukan abokan hamayya. Aikin ɗan ƙasa shi ne ya nemi a nuna masa hujjar kafin ya ba da goyon baya.