Amsar Tambaya: Shuka Kale a Bokiti a Jarwal

Kale dangin kabeji ne, kuma sanyi yake so. Zafin Makka kan haura digiri 40 daga Mayu zuwa Satumba, don haka lokacin shukarsa a unguwar Jarwal da ke Makka gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ana samun bokiti mai zurfin santimita 30, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, tsiro ɗaya kowane bokiti. A kan rufin bene ana ajiye shi inda hantsi ke bugawa, inuwa ta rufe da azahar, domin zafin siminti yana dafa saiwa. Ban ruwa da sassafe ne. Bayan kamar wata biyu ake tsinko ganyen ƙasa, a bar tohon tsakiya. Idan zafi ya kama, alayyafo da lalo da yakuwa sun fi dacewa da bokitin.